Kompilatar da ba ta san sinus ba

Ina aikin rubuta manhaja a wani ƙaramin biro, wato ofis, a unguwar Gaweye lokacin da kawuna, manomin shinkafa a Saga, ya kawo mini kukansa. Faranti biyu na hasken rana ne ke tayar masa da famfon ban ruwa, kuma kullum sai ya bar aiki ya je ya juya su da hannu. Na ce masa zan sa su riƙa bin rana da kansu.

Na sayo ƴar ƙwaƙwalwar lantarki mai araha a kasuwar Katako, wadda za ta riƙa sarrafa ɗan injin da zai juya farantan. Gano inda rana take a sama yana buƙatar sinus da kosinus, wato lissafin kusurwa. Na rubuta lissafina, na miƙa wa kompilatar, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen da na'ura ke ji. Ta dawo mini da jan rubutu: ba ta san sinus ba. Waɗanda suka ƙera ta ba su saka mata shi ba kwata-kwata.

Patron ɗina, mai gidan aikinmu, ya leƙo ta bayana ya gani.

"Madam, wannan kayan wasan yara ne," ya ce. "A yi odar ta kirki daga waje, wata uku ta iso. Irin wannan ba mu ke yin sa ba."

Raina ya ɓaci. "Patron, sinus ba a jirgi yake zuwa ba. Tun ina lise, ina ƴar sakandare, na san shi."

Mako biyu ina bincike a lokacin hutun rana. Duk rubutun lissafin sinus da na samo a intanet sai ya nemi wani fayil, shi ma wancan ya nemi wani. Daga ƙarshe na ci karo da wani tsohon rubutu da bai dogara da komai ba, mai shi ya bar shi kyauta ga kowa. Sai dai an yi shi don manyan na'urori, tawa kuwa rabin lambobin take iya riƙewa. Da an kusa digiri casa'in sai amsa ta lalace. Na rage shi, na sake tsara shi, ina gwada kowace kusurwa da tsohon littafina na lissafi.

"Har yanzu?" in ji patron kowace safiya.

"Har yanzu," nake ce masa, ban ɗago kai ba.

Ranar da na kai ta Saga na haɗa, farantan suka motsa a hankali suka juya wa rana baya. Kawu ya yi dariya har ya zauna a kan kunya.

"Ɗiyata, kunyarta suke ji ne?"

Ashe gabas da yamma na musanya a lissafin. A nan cikin laka na buɗe odinatar, wato kwamfutata, na gyara alama ɗaya, suka juyo. Muka zauna muna kallon ruwa yana shiga gona har la'asar, babu wanda ya tashi ya taɓa su.