Gurbina a Wayar Baffa

Ni ban zaɓi jami'ar nan don girman ƙofarta ba, a lokacin ko hoton ƙofar ban taɓa gani ba. A jikin buhu na fara ganin sunanta. Muna da gona a Karare wadda wuta-wuta ta mayar gidan ubanta. Kowace damina dawarmu za ta taso kore shar, tana kai gwiwa sai wannan muguwar ciyawa mai jan fure ta ɓullo a gindinta ta tsotse ta tas. Wata shekara malamin gona ya kawo wa mahaifina ɗan ƙaramin buhun iri, ya ce a gwada a gefe guda. Gefen nan kaɗai ya yi zangarniya ta kirki. Na tambayi malamin gona wa ya yi wannan iri, ya nuna mini hatimin da ke jikin buhun, ya ce wata babbar jami'ar gwamnati ce a wata jiha, inda mutum zai shafe shekaru yana binciken dawa iri ɗaya kuma a biya shi albashi. Ina aji huɗu na sakandare a lokacin. Daga ranar ban sake sha'awar wata makaranta ba.

Kafin in gama sakandare ɓarayin daji sun tashe mu daga Karare, muka dawo cikin garin Batsari muka kama ɗakuna biyu. Gonar sai dai a je da safe a dawo kafin la'asar, shi ma ba kullum ba. Wannan bai sa na canza ra'ayi ba, sai ma ƙara mini taurin kai da ya yi.

A gidanmu ba a yanke magana sai da Baffa, yayan mahaifina. Yana zaune a Safana, yana fataucin hatsi, duk mako yana kai kaya Katsina. Mahaifina da furfurarsa ba ya zama a kan tabarma ɗaya da shi. Da lokacin cike fom ɗin jarrabawar shiga jami'a ya yi, aka kai maganar gabansa ranar kasuwar Batsari, a rumfar wani abokin cinikinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan makarantar.

"Kai kuwa mi ka rasa a Katsina?" in ji Baffa. "Ga jami'a nan, ga kwaleji nan, in ka yi atishawa mu ji. Sai ka tsallake jiharku ka tai inda ba ka da kowa?"

"Baffa, can ne ake binciken iri."

"Iri kuma? Iri ai a rumbu yake."

Mutanen rumfar suka yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai. Na yi masa bayanin buhun nan da gefen gonar da ya yi. Ya ɗauki ƙwayar dawa yana murzawa a tafin hannunsa, don shi ma ya ga gefen da idonsa. Can ya ce, "To, Allah ya sa alheri ke kiranka." Ina so a riƙe wannan: Baffa ya yarda. Da ya hana ni tun ranar, da fushina ya fi sauƙi, don da na san inda zan ajiye shi.

Fom ɗin yana neman lambar waya, wadda duk wani saƙo zai riƙa zuwa ta kanta. Ina da layina, na saya da kuɗin ƙwadagon cirar gyaɗa, ina ji da shi. Da na faɗa wa mahaifina zan sa shi, sai ya kalle ni kamar na zagi wani.

"Baffanka na raye za ka sa lambar kanka? Kai ka haifi kanka?"

Haka tsarin gidanmu yake. Katin taki da sunan Baffa, takardar gona da sunan Baffa, in aka yi haihuwa sai an aika Safana kafin maƙwabta su ji. Labari daga babba yake saukowa, ba ya hawa daga ƙasa. Don haka ranar rajista tare muka shiga a-kori-kura har Katsina, Baffa ya zauna a shagon kwamfuta da babbar rigarsa, ya miƙa 'yar wayarsa mai madannai da hannu biyu. Mai shagon ya so ya tura ni makarantar kusa, wai 'yan ƙauye ba sa samun waccan. Na ce masa ya rubuta abin da na faɗa, ba shawara na zo saye ba.

Na ci jarrabawa da maki mai kyau. Aka kira mu tantancewa, na yi tafiyar yini guda a mota, na kwana a masallacin tasha, na rubuta tasu jarrabawar. Da na fito ban nemi abinci ba, sai na tambayi hanyar gonakin gwaji. Na same su a bayan makaranta, kunya-kunya a jere, kowace da ɗan allonta a soke. Wata mata da farar riga tana tsugune tana ƙirga ganyen dawa tana rubutawa. Na daɗe a tsaye a bakin shingen waya ina kallonta, har mai gadi ya tambaye ni ko na ɓata ne.

Ina dawowa gida ba da daɗewa ba aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu baki ɗaya saboda ɓarayin daji. Wayoyi suka zama fitilu. Hanyar Katsina ta ƙara lalacewa, mahaifina ya rantse ba zan hau ta ba sai da dalili mai ƙarfi. Ya ce ai an ma yi dace, tunda Baffa na shiga birni duk mako, da wayarsa ta shaƙi sabis saƙo zai faɗo. Na yarda, don maganar ta hau hankali.

Duk ranar kasuwa nakan je rumfar nan in durƙusa. In gaishe shi da hanya, da iyali, da kasuwa, da damina. Sai a ƙarshe in lallaɓo in ce, "Baffa, ko an ji wani abu daga wajen makaranta?" Shi kuma ya ce, "Kai dai ka yi ta addu'a." Shi ke nan an rufe. A wurinmu yaro ba ya maimaita wa babba tambaya, balle ya ce masa miƙo wayarka in duba. Wayar tana nan a aljihun gaban rigarsa, ina ganin shatinta, tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Mako nawa na yi ina kallon aljihun nan ina haɗiye miyau! Wannan ladabin nawa shi ne abin da ya fi ba ni haushi har gobe.

Sai bayan an cire gyaɗa na samu hanyar zuwa Katsina, da sunan raka wata gwaggona asibiti. Na bar ta a layin ganin likita na ruga shagon kwamfuta. Mai shagon ya buɗe shafina, ya duba, ya juyo ya kalle ni.

"Malam, ina ka shiga? An ba ka gurbi tun tuni, a sashen da ka nema. Danna amincewa kawai za ka yi, ba ka danna ba. Wa'adi ya wuce, sun ba wani."

Na ce ya sake dubawa. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar na karanta da kaina. Na fita waje na zauna a bakin kwata.

Washegari na hau babur zuwa Safana, ban gaya wa kowa ba. Na iske Baffa a zaure ana auna masa gero. Na gaishe shi a tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Ya sallami masu awo, ya ce in zauna, na ƙi.

"Baffa, saƙo ya zo?"

"Ya zo," in ji shi, har da murmushi. "Tun gero bai yi kai ba. Wani abokina a kasuwar hatsi ya duba man, ya ce an ɗauke ka. Na so in hwaɗa maka sati mai zuwa."

"Sati mai zuwa?"

"To da yaushe? In hwaɗa da damina, hannu babu komai, gari ya ɗauka? Ka san zamanin da muke ciki. Yau a ji gidan wane za su kai yaro babbar jami'a a wata jiha, gobe infoma ya kai ma ɓarayin daji labari cewa muna da kuɗi. Na ce bari a yi shiru, a saida gyaɗa, in ɗinka maka kaya, in kai ka da kaina in gaida shugaban makarantar in damƙa mashi amanarka. Sun riga sun ce sun ba ka. Manyan mutane za su ba da abu su amshe?"

Nan na gane. Baffa ya ɗauki jami'a kamar fadar hakimi, inda in an ce an ba ka fili, ko bayan shekara ka je da goronka filinka na nan. Ya ciro wayar, na karɓe ta daga hannunsa, ban roƙa ba, na nemo saƙon. Da Turanci yake, layi uku. Abokin nasa na farkon kawai ya fassara masa, mai daɗin. Na ukun shi ne ya ce a amince kafin wa'adi.

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce masa ya kashe ni da ransa. Na ce shekara uku ina bin abin nan, ya sa shi a aljihu yana yawo da shi kasuwa-kasuwa. Na ce in bai iya karatu ba me ya hana shi miƙo mini, ni da nake durƙusa a gabansa duk mako? Matan gida suka leƙo. Baffa ya karɓi wayarsa yana jujjuya ta a hannu. Daga baya ya ce, a hankali, "Ashe gurbin guduwa yake?"

Labari ya riga ni isa Batsari. Mahaifina bai tambaye ni zancen gurbi ba, ko sau ɗaya. Abin da ya dame shi shi ne na ɗaga wa yayansa murya a zaurensa. Ya tasa ni a gaba muka koma Safana, na durƙusa na ba Baffa haƙuri a gaban mutane. Ni aka yi wa asara, ni na ba da haƙuri, aka kuma yaba wa Baffa da ya yafe. Da na nemi a bar ni in je makarantar in roƙa, aka bar ni, na je. Wani ma'aikaci ya saurare ni ta taga, ya ce ba su da yadda za su yi, in sake nema baɗi.

Na sake nema, da lambata a wannan karon, ban shawarci kowa ba. Amma shekarar ba ta zo mini da daɗi ba. Mahaifina ya kwanta ciwo, gona da cefane suka dawo kaina, karatun sai abin da na tsinta. Makina bai kai ba. Na ƙare a kwalejin da ke kusa, wadda in na yi atishawa za a ji. Yanzu ina da ɗan shago a kasuwar Batsari, ina sayar da iri da maganin feshi. Buhunan da suka fi tafiya su ne masu hatimin nan, ni nake yi wa manoma bayaninsu, kuma na iya bayanin.

Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifin in huta. Wani lokaci ɓarayin da suka sa mutum ya ɓoye farin cikinsa, wani lokaci abokin da ya karanta layi ɗaya ya tsaya, wani lokaci mahaifina. Mafi yawan lokaci ni kaina, da na zauna ina kallon aljihu.

Baffa ya tsufa, ya daina zuwa Katsina. Wayar nan tana nan, an ɗaure bayanta da roba, ya hana a canza masa ita, ya hana a goge komai a ciki. Sallar da ta wuce na je gaishe shi, na tarar da baƙi a zaure. Ina durƙusawa ya laluba aljihu ya ciro ta, ya miƙa wa wani malami daga cikinsu.

"Duba nan ka gani," in ji shi. "Wanga ɗan namu, babbar jami'a ta taɓa kiran shi da kanta. Ga shi nan a rubuce."

Malamin ya karanta, ya ce ma sha Allah, Allah ya ƙara basira. Duk zauren aka shafa. Ni ma na ce amin.