Tuwon Baƙon da Ba Ya Shan Kuɓewa

A duk Tambuwal ban san gidan da ake kallon fim ɗin kurame ba sai namu. Haka ƙawayena suke kiransa don su tsokane ni, fim ɗin kurame, saboda ba a jin maganar kowa a ciki. Baƙi da fari ne, mutane suna motsa baki, sai allo ya yi baƙi, wani rubutu mai kama da ƙafar kaza ya fito.

Babanmu malamin gona ne. Yana saurayi aka tura shi ƙasar Rasha ya koyo aikin injinan noma, ya dawo da wata jibgegiyar rigar sanyi da bai taɓa samun ranar sa ta ba, da kaset ɗin bidiyo ƙwaya ɗaya. In aka kawo wuta bayan la'asar, sai ya ce mu shimfiɗa tabarma a falo. Mu fuɗu mu jeru, shi kuma ya zauna a gefen talabijin yana karanta mana rubutun da Hausa, har da canza murya. Wallahi na girma ina zaton mutanen Rasha Sakkwatanci suke yi.

Labarin wa da ƙane ne a wani ƙauye na bakin kogi. Talakawa suka tashi za su tumɓuke sarkinsu, wan ya bi talakawa, ƙanen kuwa yana cikin sojan sarki. Aka ci sojan sarki da yaƙi. Ƙanen ya taho cikin ƙanƙara yana jan ƙafa, ya buga ƙofar wansa. Wan ya buɗe, suka tsaya suna kallon juna. Rubutu ya fito, Baba ya sassauta murya ya ce, "Shigo ciki, tuwonka na nan rufe."

Daga nan sai ya miƙa hannu ya kashe. Kullum a nan. In muka yi ƙorafi ya ce sauran kaset ɗin ya lalace. Ni mai bakin tsiya na taɓa ce masa, "Baba, su ma can tuwo sukai?" Ya ce, "Awo, na alkama. Tashi ki ba ni wuri."

Akwai wata al'ada a gidanmu da ban haɗa ta da fim ɗin ba sai da na tsufa. Kowace yamma in Inna ta kwashe tuwo, sai ta zuba malmala biyu a wani kwano mai murfi ta ajiye a zaure. Na baƙo ne, in ji Baba. Baƙo bai taɓa zuwa ba, da safe Baba ya ci ɗumamensa shi kaɗai. Kuma ranar da aka yi miyar kuɓewa, dole Inna ta kaɗa kuka a ƙaramar tukunya saboda kwanon nan. Tana kaɗawa tana mita, wai baƙon da ba a gani ya fi na gani tsirfa.

Na san muna da Baffa a Kebbe, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, amma ban taɓa ganinsa a gidanmu ba. Sai daga baya na tsinci labarin a bakin mata. Lokacin wata siyasa mai zafi, Baffa ya bi jam'iyyar da Baba yake ganin ta masu danne talaka ce. Suka yi cacar baki a ƙofar gida, mutane sun taru, Baba ya ce shi daga yau ba shi da ƙane, kada ya sake taka masa zaure. Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Kebbe wajen dangin matarsa. Jam'iyyun duka biyu suka mutu aka manta da su, maganar Baba ta ƙi mutuwa. Su biyun taurin kai kamar an haɗa su gasa.

Ranar da Baba ya rasu, Baffa ya zo. Ya bi sallar gawa, ya je maƙabarta, ya tsaya a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida ya yi wa maza gaisuwa, ya hau babur ya koma. Zauren bai taka ba. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar.

Bara ina share ɗakin Baba na ci karo da kwalin kaset ɗin. Kewarsa ta taso mini, muryar nan kawai nake so in ji. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ta ɗauki hoton rubutun jikin kwalin da waya, ta nemo mini fim ɗin a intanet, da fassarar Turanci a ƙasa. Na zauna a ofishin malamai ina kallo har aka zo ƙofar. Rubutu ya fito. Ba tuwo a ciki, ba shigo. Cewa wan ya yi, ba ni da ƙane. Ya rufe ƙofa, fim ya ci gaba abinsa, ba inda ya lalace.

Kai, Baba! Shekara da shekaru kana yi mana ƙarya da rana tsaka, muna tafa maka. Na kifa kai a tebur na yi kuka har abokiyar aikina ta tsorata.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kebbe. Na sami Baffa a rumfar ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga, ya tsufa, hancin Baba sak. Na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa hira kaɗan, sannan na ce ina so in nuna masa abin da wansa yake nuna mana. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido. Na ba shi labarin tun daga kogi har zuwa ƙofa. Da rubutun ya fito ya juyo ya ce, "Ɗiyata, mi yac ce mai?"

Fassarar tana nan a ƙasan allo, ina ganinta. Na ce, "Cewa ya yi, shigo ciki, tuwonka na nan rufe." Na sa yatsa na tsayar da fim ɗin daidai inda Baba yake tsayarwa. Sannan na gaya masa zancen kwanon zaure, da ɗumamen safe, da mitar Inna a kan ƙaramar tukunya.

Baffa ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ƙaramar tukunya ta mi?"

Na ce ta kuka ce, ranar da muka yi kuɓewa, wai baƙon ba ya sha.

Ya juya ya kalli hanya. Can ya ce, "Tun muna ƙanana ban shan kuɓewa. Shi ka shanye min tawa, kada tsohuwa ta buge ni."

Ya goge ido da bakin rigarsa, ya tambaye ni ko kwanon yana nan.