Hayaƙin Banda da Injin Ɗiyata

Ko shekara nawa Allah Ya ƙara mini, ba zan manta makon da na kusa ɓata wa ɗiyata aikinta da hannuna ba.

Ilimin haɗa sinadarai ta karanta a Birnin Kebbi, daga baya ita da abokan karatunta biyu suka kafa ɗan kamfani. Yadda ta yi mini bayani, iskar nan da motoci da injuna ke fitarwa tana ƙara wa duniya zafi, ita suke kamowa daga sama, su haɗa ta da wani abu da suke cirewa daga ruwa da wutar sola, ya zama man inji. In an ƙona man, abin da aka ɗebo daga sama shi kaɗai ke komawa. Ni da karatuna na yaƙi da jahilci, abu ɗaya na riƙe: injin nan dattin iska yake ci.

A bayan gidanmu na Argungu suka girka shi. Fanka ce babba tana jan iska ta cikin wasu farantai masu farin gari. Dangin marigayi babanta, manoman shinkafa a Gulma, sun ba ta ranar Alhamis ta kai man su ga ko zai tada injin ban-ruwa. Da ma dariya suke yi mata, wai za ta tatsi mai daga iska. Ta san in ta je hannu biyu, ba za su sake saurarenta ba.

Sana'ata bandar kifi. Ran Asabar ita da abokan nata sun tafi Birnin Kebbi, na dubi injin yana ta jan iska fes, na ce to me zai samu a nan? Na jawo gangar bandata dab da fankar, na zuba ɗanyen icce da ƙaiƙayi. Wuni guda hayaƙi na shiga, ni kuwa ina jin na yi wa ɗiyata gata.

Da la'asar ta dawo ta buɗe. Farin garin ya koma baƙi, yana danƙo da maiƙon tarwaɗa.

"Inna, wa ya hura wuta nan?"

"Ni ce. Na ga kamar bai ƙoshi ba."

Ta zauna kan turmi tana duban farantan. Can ta ce, "Inna, wadda muke kamawa ido ba ya ganinta. Wanga da kinka ba shi shaƙe shi ya yi."

Farin garin da ya rage musu a ajiye rabin farantan kawai zai cika. Na kai bandata gidan ƙanwata, na dawo na wanke farantan nan ɗaya bayan ɗaya da ruwan zafi, kowanne sai na tambaya kafin in taɓa. Zuwa Laraba, man da ya taru bai cika kwalba ba.

A Gulma baffanta ya ɗaga kwalbar yana dubawa. "Wanga ne man, ko maganin tari kinka kawo muna?" Aka yi dariya.

Ni ba mai magana cikin maza ba ce, amma na ce, "Alhaji, ƙarancin daga gare ni yake, ni na ɓata mata inji. Kyansa kuwa ku zuba ku gani."

Ta zuba, ta ja igiya. A ja na uku injin ya tashi, ruwa ya kwararo, sai da ya jiƙa fangali biyu na shinkafa kafin man ya ƙare. Baffan ya tsuguna ya sa hannu cikin ruwan, bai ɗago kai ba ya ce, "To yaushe za ki kawo muna jarka?"

Ban taɓa shakkar aikinta ba, yau ma ba na yi. Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum tambaya. Ko kai ka haifi mai aikin, tambaye shi inda yake son hannunka kafin ka sa.