Gayyar Inno Mai Daddawa

Inno kakata ce ta wajen uwa. Duk wanda ya zauna a Unguwar Ɗorawa, can bayan Mahuta, in ka ambaci Inno Mai Daddawa sai ya yi dariya tukuna kafin ya yi mata addu'a. Gajeriya ce, ga faɗan tsiya, ga murya kamar ta mai shela. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Sakinatu, da 'yar gona da tukunyar dafa kalwa. Da wannan tukunya ta riƙe gida, har warin daddawa ya kama zannuwanta ya ƙi fita. In an tsokane ta sai ta ce wanda bai son warin ya daina shan miya.

Sakinatu 'yar fari ce, don haka Inno ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma nuna ta damu da ita a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta tarar ana yi. "Yarinyar nan" take cewa, ko bayan yarinyar nan ta girma ta yi aure a nan cikin unguwa.

Tsakanin unguwarmu da babbar hanya akwai rafi. Da rani abin raini ne, akuya ma tsallake shi take yi. Amma in damina ta kankama sai ya cika ya batse, a zauna a gaɓa ana kallon mutanen ƙetare har ya ga dama ya janye. An saba da hakan har an daina ganinsa a matsayin matsala.

A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin muna jihar Kaduna, Sakinatu ta sami ciki, kuma ni ne a cikin. Motar asibiti ta gwamnati takan zo Mahuta ranar kasuwa, sai Inno ta tasa Sakinatu gaba zuwa awo, tana ta mita wai ita daddawa ta je sayarwa. Mai duba masu ciki wata Bayarabiya ce haifaffiyar Funtua, Morenike, wadda Hausa ta zauna a bakinta daram. Da ta gama dubawa sai ta ja Inno gefe.

"Inno, 'yarki jikinki ta ɗauko, ƙugunta ƙarami ne. Wannan haihuwa ba ta ɗaki ba ce. Da ta fara naƙuda ku kawo ta Funtua, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe."

Inno ta lissafa watanni a zuci, ta ga haihuwar za ta faɗo tsakiyar marka, lokacin da rafi ba ya jin magiya. Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi.

Ana nan sai ga malamin raya karkara a kan babur. Ya gaya wa mai unguwa Aƙilu cewa gwamnati za ta ba da siminti da rodi da birkila a yi kwalbati a rafin, muddin mutanen gari sun tara dutse da yashi kafin ruwan farko. In ba su tara ba, a kai wa wani ƙauye. Mai unguwa ya yi murna, ya sa aka yi shela: gwamnati ta ce kowane magidanci ya fito aikin gayya.

A nan aka yi kuskuren. A wurinmu gayya mai ita gare ta. Mutum ne yake kawo maka goro har gida, ya dafa abinci, makaɗi ya kira sunansa, kai kuma ka san idon wanda za ka ji kunya in ka ƙi zuwa. Gwamnati fa? Ba ta zuwa sunan ɗanka, ba ta zuwa maka gaisuwar mutuwa. Tsofaffi ma da suka ji "gwamnati ta ce" sai suka tuna aikin dole na zamanin Turawa, suka ce an sake masa suna ne kawai. Ranar aiki mai unguwa da 'ya'yansa ne a bakin rafi, sai wasu da suka zo kallo. Ba na kare mutanenmu. Rijiya ce ta bayar, guga ya hana, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Inno ta yafa mayafi ta nufi zauren mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, dutsen nan shi za shi kawo kansa?"

"Inno, na yi shela, na sake. Ɗaure su zan yi?"

"To, ba ni gayyar."

"Wace gayya? Aikin gwamnati ne fa."

"Gwamnati na da mai ciki a garin nan? Ni ke da ita."

Mai unguwa ya ce bai taɓa jin mace ta kira gayyar dutse ba. Inno ta ce yau ya ji.

Ta sayo goro ta fara bi gida-gida. Ta kai wa sarkin noma, ta kai wa Maiwada mai gangar noma, ta shiga wurin mata ta fito wurin maza. A dandali wani ya tambaye ta cikin zolaya ko gwamna ya naɗa ta wakiliya ne. Sai ta tsaya cak.

"Don Sakinatu na kira ku," in ji ta. "Sakinatu tawa. An ce in ba a fitar da ita ba mutuwa za ta yi."

Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, kowa kuma ya san abin da ta yar kafin ta furta shi. Mai zolayar ya miƙa hannu ya karɓi goro.

Ta buɗe rumbunta, ta sa aka yanka akuyarta. Matan unguwa suka ga abin ya fi ƙarfinta, kowace ta zo da nata kwanon dawa ba tare da an roƙe ta ba. Ranar gayya Maiwada ya saki ganga tun hantsi bai ɗaga ba. Masu diga suka hau tsauni, jakuna suka yi ta jigilar yashi a mangala, matasa suna gasar wanda zai ɗauki dutse mafi girma. Maiwada yana kiɗa yana kiran "Inno uwar Sakinatu", ita kuwa tana bakin tukunya tana zaginsa wai ya cika surutu.

Malamin raya karkara ya dawo ya ga tudun dutse, ya cika alkawari. Tifa ta kawo siminti da birkila, wani Romanus, wanda ya yi ta toshe hanci in Inno ta gifta, amma bai taɓa barin miyarta a kwano ba. Hadari yana haɗuwa a gabas suna zuba kankaren ƙarshe.

Naƙuda ta zo da safiyar wata rana cikin marka, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya cika yana ruri a ƙarƙashin kwalbati, keken shanu ya bi ta kai da Sakinatu a kwance, Inno tana riƙe da kan 'yarta. A bakin hanya suka sami akori-kura zuwa Funtua. A asibiti aka yi mata aiki aka ciro ni da rai. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, amma jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Da kaka ta yi, sai aka ga Inno a gonakin mutane da jariri a baya, tana tsinkar auduga a nan, tana ɓarar masara a can. Gayya ramawa ake yi, ita kuma ba ta da namijin da za ta tura. Aka yi ta ba ta baki, aka ce ba wanda ke bin ta. Ta ce ranar da ta kira sun zo, ta ci gaba da aikinta.

Na girma a ɗakinta, tana kirana maigida, ina kiranta rowatacciya. Wata rana, ina saurayi, muna dawowa daga kasuwar Dandume, na tsaya a kan kwalbatin, baƙin ciki ya taso mini. Na ce mata duk wannan wahala, ga shi wadda aka yi dominta ba ta dawo ta kansa ba.

Inno ta sauke ƙwaryarta, ta dube ni ta daɗe.

"Kai wawa ne, Abdussamadu," ta ce. "Da ɗaya na ƙetare, da ɗaya na dawo. Da ba a yi shi ba, ku biyu zan rufe a wannan gaɓar."