Ja-baya da Rufin Jif ɗin 'Yarsa

A layin masu gyaran mota shagunan masu lantarki suna da yawa, amma idan ka ce Ja-baya kake nema, ko mai tura ruwa zai nuna maka rumfar ƙarshe, mai ƙofar ƙarfe da tagogin da aka toshe da tsohon tamfol. Aikinsa ne ya ba shi sunan. Duk wanda ya kawo jif don a ɗora masa ƙarin fitilu a rufi, so yake a dasa su can gaba, a bakin gilashi, kamar ƙaho, don a gani a yaba. Shi kuwa sai ya dubi motar, ya dubi mai ita, ya ce, "A ja da su baya." Tun ana yi masa dariya har sunan ya bi shi gida, matarsa ma da shi take kiransa ranar da suke ɗasawa.

Dalilinsa a fili yake. Fitilar da ta leƙo gaban rufi, a kan bonet haskenta yake fara sauka, ya dawo ya doki idon direba, mutum ya yi ta tuƙi yana ƙifta ido, ga fitilu amma ba ya ganin rami. Idan aka ja ta baya kaɗan, leɓen rufin ya tare hasken da ke zubowa ƙasa, bonet ya zauna cikin inuwa, sauran hasken ya tafi kan hanya. Idan kuma aka zarce, rufin ya cinye rabin hasken. Wurin da ya dace bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma kowace mota da nata.

Shi ya sa ba ya fara huda ƙarfe. Da maganaɗisu yake maƙala fitilun, ya rufe ƙofa da tsakar rana rumfar ta yi duhu, ya sa mai motar ya zauna a kujerarsa ya fuskanci farin bangon da ke ƙurya. Kuma dole a loda wa motar nauyin da za ta riƙa ɗauka, domin kaya a baya yana ɗaga hancin mota, fitilar da aka saita da mota wayam sai ta koma haska saman itatuwa. Sai an gama wannan duka yake sa alli, sannan ya ɗauko injin huji.

Tun yana saurayi yake cikin waya da batir. Yanzu gemu ya yi fari, madubin idonsa da guntun waya ya ɗaure shi, amma hannunsa bai taɓa rawa a kan rufin kowa ba. Da wannan rumfa ya yi aure, da ita ya tura yara makaranta, har ta farinsu ta zama likitar dabbobi. Ba ya ƙorafi da rayuwa. Yakan ce shi dai a bar shi da shayinsa da rediyonsa.

Aikin da ya tsaya masa a wuya shi ne na 'yar tasa. Wata ƙungiyar masu kiwo, can bayan inda kwalta ta ƙare, ta ɗauke ta aiki ta ba ta tsohuwar jif. Saniya ba ta duba agogo kafin ta shiga naƙuda, hanyoyin kuwa na ƙafar shanu ne, don haka suka ce ta sa fitilun rufi, ta kuma bayyana ranar Litinin, in ba haka ba akwai wani likitan da ke jira. Ta kawo wa babanta motar da sauran lokaci mai yawa. Ya karɓi makulli ya ce an gama.

Ba a gama ba. Yau ya ce wayar da ya samu ta yi sirara. Gobe ya ce fiyus ɗin bai kwanta masa ba. Ya kwance batir ya wanke kawunansa, ya sauya makunni, ya sake sauya shi. Jif ɗin wasu suka zo a bayanta, har da ta wani mai fenti, aka huda su, suka tafi. Tata tana ƙurya, fitilunta a kwali.

Ranar Asabar da hantsi sai ga matarsa ta shigo rumfar, abin da ba ta saba ba, 'yar tana biye da ita. Ta ajiye kwanon abincinsa a kan benci, ta zagaya motar, ta leƙa rufin.

"Baban yara, wannan rufin na zinariya ne?"

"Aiki ne ba ya son gaggawa."

"Na mai fenti ya so gaggawa ai. Jiya na gan shi ya wuce ta ƙofar gida, fitilu kamar filin ƙwallo."

"Shi gari yake yawo. Wannan daji za ta shiga."

"To ai shi ya sa take son fitila," in ji matar. Ta rage murya. "Ko ka huda ko kada ka huda, yarinyar nan tafiya za ta yi. Zaɓi ya rage naka, ta tafi da haske ko ta tafi a duhu."

'Yar tana ta murza makullin ɗakinta a hannu. Ja-baya ya cire madubi ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ya san abin da yake yi tun ranar farko. Muddin fitilun suna cikin kwali, da yamma zai ji muryarta a tsakar gida tana faɗa da ƙannenta a kan caja.

"Likita," ya ce, "ina kayan naki?"

"Sai gobe za a kawo, Baba. Akwatin sanyi na magani, da jarkokin ruwa, da igiyoyi, da taya ta biyu."

"To ka ji," ya ce, har fuskarsa ta ɗan saki. "Ba kaya, ba saiti. Sai a bari—"

"Nauyi kake nema?" matarsa ta katse shi. Ta leƙa waje ta ƙwala wa maƙwabta kira.

Mai faci ne ya fara zuwa, ƙato mai tumbi, yana goge hannu da tsumma. Mai walda ya biyo shi da baƙin gilashinsa a goshi. Aka yi musu bayani.

"Wato ni ne jarkar ruwa," in ji mai faci.

"Kai ne jarkokin duka da tayar," mai walda ya ce. "Ni akwatin magani ne, a riƙa lallaɓa ni."

Suka hau baya, motar ta yi ƙara ta durƙusa. 'Yar ta duba ta ce nauyin ya ɗan gaza. Uwar ta tattare zaninta ta hau ita ma, ta ce duk wanda ya faɗi ko ita wane kaya ce, shi da ita.

Babu sauran hanzari. Ja-baya ya taka tsani ya maƙala fitilun, ya ja ƙofa, duhu ya rufe su. 'Yarsa ta zauna a gaban sitiyari ta jawo kujerar gaba sosai, don gajeruwa ce kamar uwarta. Ya ce ta kunna. Haske ya cika rumfar.

"Me kike gani?"

"Bonet yana walƙiya, Baba."

Ya tura fitilun baya. "Yanzu fa?"

"Ya ragu. Saura gefen hagu."

"Ja-baya, ka hanzarta," mai faci ya ce daga baya. "Jarka ta fara zufa."

"Jarka ba ta magana."

Ya ƙara turawa kaɗan, ya sunkuyar da ta tsakiya, ya buɗa na gefe su kalli bakin hanya, inda dabba kan faɗo ba sallama. Ya sauko ya tsaya a gefen tagarta ya kalli bangon. Hasken ya kwanta daidai, bonet baƙi ƙirin.

"Nan ne, Baba," ta ce a hankali.

"Na gani."

Ya hau ya zagaye ƙafafun fitilun da alli. Aka buɗe ƙofa, kaya suka sauko suna miƙa. Ya ɗora bakin injin a kan alamar farko, ya tsaya ɗan jim, ya yi bismillah, ya danna. Ƙarfen ya yi ƙara, ɓarɓashi ya tashi. Bayan na farko sauran ba su ba shi wuya ba. Ya shafe kowane huji da maganin tsatsa, ya sa roba da gam don kada ruwan sama ya sami hanya, ya bi da wayar ta cikin ginshiƙin ƙofa yadda reshe ba zai fizge ta ba. Kafin la'asar ya miƙa mata makulli.

Ranar Lahadi da safe ta loda kayanta na gaske ta kama hanya. Ya raka motar har bakin layi, hannunsa a kan ƙofa, yana ta faɗa mata ta kashe na rufi duk lokacin da mota ta taho ta gabanta, kada ta makantar da bayin Allah. Ta ce ta ji, Baba. Ya sake faɗa. Ta yi dariya ta ce ta ji.

Da yamma ta kira uwarta ta ce ta sauka lafiya, an ba ta ɗaki mai taga biyu, har ta duba wani maraƙi mai gudawa. Ja-baya yana gefe yana shan shayi, ya kasa kunne amma ya yi kamar ba ya saurare. Da matar ta miƙo masa wayar, sai ya tambayi lafiyar maraƙin, ko ya tashi.