Ƙeyar Baba

Tun ina aji ɗaya a sakandare nake bin Baba cikin gari kullum da safe. Gidanmu yana Masaka, makarantarmu tana Wuse, shi kuwa tasi yake ja, irin mai kore da fari ɗin nan. Kujerar gaba ta fasinja ce, saboda haka wurina shi ne bayan direba, a manne da ƙofa, jaka a kan cinya. Duk wanda ya san hanyar ya san cunkoson Mararaba. Mota takan tsaya cak, har mai gyaɗa ta zo ta wuce, ta sake zagayowa ta same ku inda ta bar ku. A nan nake zane, don kada barci ya kwashe ni in faɗa jikin mutane.

Duk abin da nake zanawa a lokacin daga waya nake kwaikwayo: 'yan mata masu dara-daran idanu, da gidaje masu ƙanƙara a rufi. Ƙawayena har rububinsu suke yi, ni kuma kaina ya fara kumbura.

Malamarmu ta zane 'yar Filato ce, doguwa, mai dariya da ƙarfi, Hausarta ba ruwanta da bambanta namiji da mace. Da aka ce za a baje kolin zanen ɗalibai a ƙarshen zango, na kai mata wanda na fi ji da shi. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Hannunki yana da kyau. Amma wannan yarinya, kin san shi? A ina yake zama?"

Na ce a waya na gan ta.

"To, na mai waya ne. Je ki kawo mini naki. Wanda ko kin rufe ido kina ganinsa."

Na fito ina cika ina batsewa. A gida na ce Umma ta zauna in zana ta, ta ce ita da tukunya a kan wuta ba ta da lokacin zama kamar gunki. Na gwada fuskar Baba da ka, sai ta fito kamar ta wani baƙo. A nan na gane ban cika kallon fuskarsa ba. Da duku-duku muke fita, idan ya dawo kuma ya gaji, daga salla sai abinci sai kwanciya.

Wata safiya muna tsaye a cunkoso, na ɗaga kai ina neman abin zanawa, sai ga ƙeyarsa a gabana. Hular nan da ta koɗe ta danne kunnensa na dama har ya ɗan lanƙwashe. Ga tabon ƙaho guda biyu, ga wani ɗan tsagi a ƙasansu, ga ƙaramin tawul da yake ratayawa a wuya, ga furfura tana leƙowa daga ƙarƙashin hula. Hannuna ya kama aiki tun kafin in yi shawara. Ban ko yi amfani da abin gogewa ba.

Wata mata mai kwandon tumatir da ke kusa da ni ta leƙo, ta dubi takardar, ta dubi gaba, sai ta fashe da dariya.

"Oga direba, ga ka nan fa! Wallahi har kunnen!"

Takarda ta bi hannu-hannu, har ta kai ga wani mai kwat da ke kujerar gaba. Ni dai kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya karɓa, ya ɗora a kan sitiyari, ya ƙura mata ido. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Ya ce, "Uwata, wannan tsohon wane ne?"

Mota ta kaure da dariya. Ya sa hannu ya shafa bayan kansa a hankali, kamar mai neman abin da ya ɓata.

"Ashe haka furfura ta yi mini sata ta baya, ba wanda ya gaya mini?"

Sai da na bayanmu suka dame mu da hon kafin ya miƙo mini takardar. Da yamma ya biya wurin wanzami aka yi masa ƙwal. Umma kuwa da ta ga zanen, dariya ta yi har da riƙe ciki, sannan ta ɗora yatsa a kan ɗan tsagin nan ta ce ranar da aka haife ni ya samo shi. Yana ƙarƙashin mota yana gyara aka zo masa da albishir, ya zabura ya miƙe, ya manta akwai ƙarfe a samansa. Da jini a wuyan riga ya iso asibiti. Ban taɓa jin labarin ba sai ranar.

Da na kai wa Malama zanen, ba ta yi dogon yabo ba. Cewa ta yi, "Yawwa. Wannan mutum, na ji warin man fetur a jikinsa." Ta ba ni babbar takarda da gawayin zane, ta ce in sake shi da girma.

Daga nan Baba ya mayar da kansa ɗan rahotona. Muna tafe sai in ji, "Uwata, ga naki can!" In duba, in ga tela ya ɗora keken ɗinki a kafaɗa yana kaɗa almakashi, ko wata mai goyo tana tsallake kwata da tiren ƙwai a ka. Wani lokaci har rage gudu yake yi, fasinjoji suna, "Oga, mun makara fa!" Shi kuwa ya ce su yi haƙuri, aiki ake yi a baya. Ba duk abin da ya nuna nake zanawa ba, kuma yakan ji haushi idan na tsallake nasa na zaɓi wani.

Ranar baje kolin ban sa ran zai zo ba, don lokacin ne ake samun fasinja. Sai ga shi da farar shadda ta Juma'a, da sabuwar hula. Ya zagaya ya ga na kowa, yana sa wa yara albarka. Da ya iso nawa, ya ga iyaye sun taru suna tambayar ko wane ne, sai ya je ya tsaya kusa da zanen, ya juya musu baya, ya fuskanci bango.

Malama ta ce, "Baba, hula ya canza ai."

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Kunnen dai shi ne, Malama. A duba da kyau."

Haka ya tsaya ana ɗaukarsa hoto ta baya, har sai da na je na ja hannun rigarsa na ce ya isa haka. A hanyar komawa ya ƙi ɗaukar kowa. Ya tsaya a Nyanya ya saya mana gasasshiyar masara, muka ci a mota, yana ta ba ni shawarar in zana Umma tana tsakiyar faɗa, wai a nan ta fi kama da kanta.