Motar Bai Minko Da Ba Ta Karyewa

Bai Minko (a wurinmu "Bai" laƙabin girmama dattijo ne) bai taɓa ɗaukar roba a bakin komai ba. Shekara talatin da takwas ya yi a kan injin fiƙe ƙarfe a masana'antar garinmu da ke bayan birnin Pernik, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya fito da tabo. Nawa a kunne yake. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na yanke sandar ƙarfe ta gaza da kaurin gashi, ya kama kunnena ya zagaya da ni ɗakin aiki yana nuna wa mutane. Abokina Lacho kuwa, da hular da ke kansa ya sa shi share ƙasa. Matar Bai Minko, Inna Ganka, ita ce kaɗai ke sanyaya mana rai. Da rana takan kawo masa abinci ƙofar masana'anta, ta zaro banitsa mai zafi, gurasarmu mai cuku, daga jaka ta tura mana a ɓoye. In ya gani sai ya daka mata tsawa a gabanmu, idonta ya cika, ya ce, "Ke ma da roba aka yi ki."

Masana'anta ta mutu. Ni na koma aikin lantarki, Lacho ya buɗe shagon taya. Bai Minko ya tsira da tsohon injin fiƙe guda a garejinsa, da kuma maganar da yake yi a kowane teburi: abin da ya fito daga hannunsa ba ya karyewa. Ba shi da komai ban da wannan suna, kuma ya fi son sa a kan ransa.

Mu goma sha biyu ne muke taruwa kowace Lahadi a tsohon ramin fasa dutse, manya da tumbi da furfura, muna wasa da motocin rimot. Manyan nan ne masu shan fetur, kowace ta kai girman tunkiya, tana gudu kamar babur. Ranar Gergyovden, bikinmu na bazara, idan an gasa rago, muna yin tseren awa ɗaya cur. Wanda motarsa ta gama ba tare da an taɓa ta da sifana ba, shi ke ɗaukar kan ragon, shi ne kuma gwani har baɗi.

Wata Lahadi sai ga Bai Minko da mota a hannu. Ta ɗansa ce, wanda ya tafi ƙasar Sifen ya bar ta, ya bar iyayensa. Tsoho yana da shekara sittin da tara lokacin. Bai gaishe mu ba. Ya tayar da ita, ta yi zagaye biyu, ta daki dutse, hannun da ke riƙe tayar gaba ya karye. Ya ɗauki guntun ya juya shi yana yatsina fuska.

To, duk mai wannan wasa ya san abu ɗaya. Da gangan ake yin hannun nan da roba. Shi ke shan duka ya karye, don giyar inji da ƙashin motar su tsira. Kowannenmu yana da su cike da leda, minti biyar ka sauya ka ci gaba. Na buɗe baki zan faɗa masa, Lacho ya taka min ƙafa.

"Kai, Maigida," in ji Lacho, "dubi abin kunya! Roba a motar Bai Minko? Ai da mu ne masu hannu irin naka, da ƙarfe za mu fiƙe."

"Da ku ne masu hannu irin nawa, da ba faci kake yi ba," in ji tsoho. "Jaki."

Muka yi dariya har da riƙe ciki, shi yana zaton Lacho muke yi wa.

Bayan mako biyu ya dawo da hannaye huɗu na ƙarfe. Gaskiya sun yi kyau, ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Ta daki dutsen nan dai, hannu ko gezau, sai sandar da ke riƙe shi ta lanƙwashe. Ya fiƙe sanda mai kauri. Ta sake duka, sandar ta tsaya, sai gidan giyar motar ya tsage gida biyu. Ya shafe wata guda yana sassaƙa sabon gidan giyar daga dunƙulen alminiyam. Da ya gama, haƙoran giyar suka zube. Haka muka cinye kaka da hunturu, karaya tana gudu yana bin ta, kullum tana ƙara shigewa ciki. Motar ta yi nauyi har sai da ya sauya mata inji. Bambar gaba ma ya cire ta roba ya ɗaura guntun ƙarfen layin dogo.

Kowace Lahadi muna jiran sa kamar masu jiran albashi. Da mun ji ƙaras, sai Lacho ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo, Maigida! Wannan kuma ba laifinka ba ne, sauran robar ce."

"Na sani. Rufe min baki."

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ganin sa durƙushe a cikin ƙura yana tsintar haƙoran giya ya fi min barasarmu ta rakiya daɗi. Inna Ganka ta tare ni a kasuwa wata rana ta ce ba ya cin abinci sai a gareji, amma ta gode mana da muka samo masa abin yi. Na ce ba komai, Inna.

Kafin bazara, babbar roba ɗaya ta rage a jikin motar: ɗan akwatin da ke ɗauke da na'urar karɓar saƙon rimot. Ya fiƙe sabo na ƙarfe, da murfi da noti takwas, ko iska ba ta shiga. Eriyar ma ya naɗe ta ya cusa ciki don kada ta tsinke. Ko ɗan koyo a aikina ya san saƙo ba ya ratsa ƙarfe da kyau. Kusa da shi motar tana jin magana, da ta yi nisa sai ta kurumce.

Akwai wata ƴar na'ura da muke sa wa kowace mota, wadda ke kashe inji da zarar saƙo ya yanke. Ita ta yi aikinta. Duk lokacin da motar ta kai ƙarshen rami, sai ta mutu, tsoho ya taka ya je ya ɗauko. Sau uku a rana ɗaya. A na ukun ya tsaya a gabana, bai kalle ni ba, ya ce:

"Ognyan, kai ne mai wayoyi. Me ke kashe ta?"

Shekara talatin da biyar, ranar ce ya fara tambaya ta wani abu. Na duba akwatin, na san eriya tana dunƙule a ciki. Lacho yana bayansa yana cizon leɓe. Kunnena ya yi zafi kamar yanzu aka murɗe shi.

"Akwati ya yi, Maigida," na ce. "Wannan ƴar robar mai kashe inji ce ke maka wasa."

Nan take ya yanke wayarta ya jefar. Abin da na hango shi ne motar ta gudu ta faɗa tafkin da ke ƙasan rami, mu sha kallo. Iyakar tunanina ke nan, kuma ban yafe wa kaina gajartarsa ba.

Ranar Gergyovden iyalai suka zo. An kafa tebura a can ƙarshen rami, inda inuwa take, rago yana juyawa a wuta. Inna Ganka ba ta taɓa zuwa ba sai ranar. Ta sa rigarta ta coci, ta zo da faranti biyu na banitsa, ta ce ta zo ta ga abin da ya ƙwace mata miji.

Aka fara. Bai Minko ya tsaya can gefe shi kaɗai, yana bin motar da ƙafa kaɗan kaɗan, don haka minti ashirin na farko ta ji maganarsa. Ta ture motar Lacho ta yi mata raga-raga. Ta hau duwatsu ta sauko. Ba abin da ya motsa a jikinta. Na ga fuskarsa ta buɗe, har ya yi wani abu mai kama da murmushi. Sai ƙafarsa ta gaji, ya zauna a kan dutse, ya danna totur a doguwar miƙaƙƙiyar hanya.

Ba ta juya a kwana ba. Yana murɗa rimot, tana tafiya. Ba tafki ta nufa ba, wajen tebura ta nufa. Inna Ganka ta juya baya tana yanka banitsa, kuma a cikin ƙarar motoci goma sha biyu ba ta ji ihunmu ba. Ƙarfen layin dogo ya same ta a ƙasan gwiwa, ta faɗi a kan ƙugu, motar ta wuce ta daki bangon dutse ta kife, tayoyi suna juyawa a sama.

Muka ruga. Bai Minko ma ya ruga, ban san yana da sauran gudu haka ba. Ya zo daidai inda take kwance, ya tsallake ƙafarta ya wuce. Ya toshe injin ya mutu, ya birkice motar, ya shafa hannaye, ya girgiza tayoyi, ya ɗaga ta da ƙyar ya juyo gare mu.

"Ku duba!" ya ce. "Ku zo ku duba, jakuna! Ko ƙwarzane babu!"

Babu wanda ya yi dariya. Inna Ganka ba ta yi kuka ba, shi take kallo.

Ƙashin ƙafa ya karye wuri biyu, ƙugu ma ya tafi. A asibiti da likita ya ce za a sa mata faranti da kusoshi a ƙashin, Bai Minko ya tambaye shi wane irin ƙarfe ne, ya kuma nemi a nuna masa kafin a sa. Ta fito bayan wata biyu. Ba ta ƙara taka matakalar gidansu ba, a hawa na uku suke. Kan ragon babu wanda ya ci. Lacho ya sayar da motarsa, in mun haɗu a hanya maganar taya muke yi.

Sai da kaka na iya zuwa gaishe ta. Na same ta a kujera bakin taga, ta rame, sanda a gefe. Daga ƙasa ana jiyo injin fiƙe yana kuka a gareji. Ta ce wai yanzu keken guragu yake haɗa mata, na ƙarfe zalla, don na asibiti roba ce, amma ya yi nauyin da ba ta iya tura shi.

Na zo da magana a bakina, na kwana biyu ina shirya ta. Ta riga ni.

"Ogi, ɗana, kada ka sa wa ranka damuwa. Tsautsayi ne. Ni na tambaye shi tun kafin ranar, na ce Minko, abin nan ba zai ji wa wani ciwo ba? Ya ce Ognyan ya duba ya ce ya yi. Ya ce duk cikin yaran da ya koyar, kai kaɗai ne in ka ce abu ya yi, to ya yi." Ta gyara bargo a kan ƙafar. "Shi ya sa ma na juya baya hankalina kwance."

Ta nuna min tebur da haɓa, ta ce akwai banitsa a ƙarƙashin tawul, maƙwabciya ce ta yi, ba ta kai tata ba, amma in ɗauka kafin ya hawo.